Falankin madaci da ya ƙi kwanciya: yadda wani kafinta a Kano ya daidaita shi da rauta mai tafiya kan layi

## Oktoba 2023: odar da katakon

Kafintan da wannan bayani ya shafa yana da shago a kudancin Kano, ba nisa da kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ya haura shekara ashirin a sana'ar, yana da yara uku a ƙarƙashinsa, kuma abin da aka san shi da shi kayan ɗakin amare ne: gado, wadirof, madubi, sai ƙofofi idan magina sun kawo. Ni da shi a wurin oga ɗaya muka koyi aiki, shi ya sa yawancin awon da za ku gani a ƙasa tare muka yi su. Da farko a bangon shago yake rubutawa da alli, daga baya ya koma littafin makaranta na ɗansa.

Wani ɗan kasuwa da ke shirin buɗe ofis ne ya zo masa da hoto a waya. Tebur ne na falanki guda ɗaya mai faɗi, gefensa a yadda Allah ya halicci itacen, ba a miƙe shi da zarto ba, an ɗora shi kan baƙaƙen ƙafafun ƙarfe. Sharaɗin Alhajin biyu ne: kada a haɗa masa katako da gam, kada kuma kaurin ya gaza inci 2. Ya ba da kafin alƙalami, aka tsayar da ƙarshen Disamba.

Kafintan ya samo falanki biyu na madaci daga gungume ɗaya. Guguwar farkon damina ce ta kayar da itacen, aka tsaga shi da injin sarƙa a watan Yuli. Kowane falanki tsawonsa ƙafa 8 ne, wato mita 2.4, faɗinsa santimita 95 a inda ya fi faɗi, kaurinsa milimita 80. Sai mutum huɗu suke iya ɗaga ɗaya. Mai sayarwa ya ce katakon ya bushe, kuma duk wanda ya shafa shi zai yarda, don saman ya yi fari-fari ya yi kaushi kamar wanda ya shekara a rumfa.

Da aka kai su shago aka ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu a kan kowane falanki, ɗaya a kai, ɗaya a ƙarshe, aka tsuguna aka hango su. Ba su yi daidai ba. Idan kusurwa uku sun zauna a ƙasa, ta huɗu tana sama da milimita 14 a falanki na farko, milimita 18 a na biyu. Ban da wannan murɗewa, kowanne ya yi ɗan kwarmi na kimanin milimita 5 a tsakiyar faɗinsa, ga kuma sawun sarƙa mai zurfin milimita 3 zuwa 4 ko'ina. Ya zaɓi na farko don ya fi sauƙin murɗewa, ya jingine na biyu a bango.

## Nuwamba: filena da ƙarfin hannu

Abin da kowane kafinta zai fara tunawa shi ne injin filena. Mafi girman da ya samu a kasuwa bakinsa inci 24 ne, kimanin santimita 61, falankin ba zai shiga ba. Ko da ya shiga ma, filena ba ta cire murɗewa. Aikinta ta mayar da saman katako daidai da ƙasansa, don haka abin da ya shiga a murɗe haka zai fito, sai dai ya yi sumul. Masu injin sun ba shi shawara ya tsaga falankin gida biyu, a goge kowanne, a mayar da gam. Alhaji ya ce ba haka aka yi da shi ba.

Sai aka koma filen hannu. Yara biyu suka yi kwana huɗu a kai. Wanda ya san madaci ya san jijiyarsa a sarƙe take, layi ɗaya ya nufi gabas, na kusa da shi ya nufi yamma, ta yadda duk inda ka turo wuƙa sai ka yi wa wani layin gaba da gaba ta fizge shi. Wurare da yawa suka yi ramuka kamar an yage su da farce. Don a ɓatar da ramukan aka ɗaura faifan samfefa a injin yankan ƙarfe aka bi kai. Saman ya yi santsi, amma da aka kwantar da doguwar rula a kansa, haske yana wucewa ta ƙasanta a wuri biyar, kuma murɗewar tana nan yadda take.

## Disamba: gadar katako ta farko

Ƙaramin yaron shagon ne ya nuna wa ogansa bidiyo a YouTube. Dabarar ba wuya. Ana shimfiɗa layi biyu a gefe da gefen falankin, kamar layin dogo. Ana gitta wata gada a kansu, wadda ke tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Rauta kuma, wato injin hannu mai bakin ƙarfe da ke juyawa da gudu yana aske katako, tana zaune a cikin gadar tana kai da komowa a faɗin katakon, bakinta ya leƙo ta ƙasa. Tunda tsayin bakin ba ya canzawa, duk abin da ya fi wannan tsayi zai aske shi, abin da bai kai ba zai tsallake.

Cikin yini ɗaya suka haɗa tasu. Layukan katakon tu-bai-fo ne guda biyu, aka ɗaure su da sukuru a gefen teburin aiki na shagon. Gadar filawud ce mai kaurin milimita 18, a kwance, an tsaga rami a tsakiyarta. Rautar kuwa ƙaramar nan ce ta gyaran bakin ƙofa, mai ɗaukar baki na kwata inci, aka sa mata baki mai faɗin milimita 19. Saboda falankin yana rawa a kan tebur, aka danne kusurwoyinsa huɗu da ƙarfen matsewa har ya daina motsi.

Kwana shida aka yi ana aska, aka cire milimita 12, duk daga fuska ɗaya. Jan madacin ya fito, har maƙwabta suna leƙowa. Ranar da aka kwance ƙarafan matsewa aka sauke shi, aka sake ɗora sandunan nan biyu, sai ga murɗewa ta milimita 10.

Mun ɗauki lokaci kafin mu gane abin da ya faru. Falankin madaci mai kaurin milimita 80 ya fi teburin aikin ƙarfi nesa ba kusa ba. Da aka matse su tare, ba falankin ne ya miƙe ba, teburin ne ya murɗe ya bi shi, ya ja layukan da ke ɗaure a jikinsa. Rautar ta bi layukan da aminci, ta sake zana murɗewar a sabuwar fuska. Matsala ta biyu, tsakiyar faɗin ya fi gefe zurfi da milimita 3, domin filawud ɗin da ke kwance yana lotsawa idan nauyin rauta da na hannun yaro suka kai tsakiya. Ta uku, akwai layuka biyu masu zurfi inda bakin ya zame ya sauko da kansa yana cikin aiki, saboda an zaro shi da yawa daga mariƙinsa don ya kai ga katakon.

Aka ajiye falankin a kan siminti, askakkiyar fuskar tana kallon sama, ana shawarar yadda za a yi. Hunturu ya riga ya sauka. Cikin mako biyu gefunan biyu suka ɗago, falankin ya yi kwarmi kamar kwalekwale, kuma ƙarshensa ɗaya ya tsage tsawon santimita 22. Da dare mai gadin layin ya ce ya ji ƙararsa.

## Janairu 2024: abin da sikeli ya nuna

Tunda dole a datse wurin da ya tsage, aka yanke santimita 30 daga wannan ƙarshen, tsawon falankin ya koma mita 2.1. Cikin yankan ya fi samansa duhu, kuma yana da sanyi a tafin hannu. A nan ne kafintan ya fara zargin maganar mai sayarwa.

Ba shi da na'urar auna laimar katako, amma akwai tsohuwar hanya da ba ta buƙatar ta. Ya yanko siririn yanki daga ɓangaren da aka datse, daga gefen da ke can ciki, ya ɗora a ƙaramin sikelin kicin: giram 412. Ya sa shi a oben ɗin gas na gidansa da wuta kaɗan, zafi ɗan sama da digiri 100, yana fitowa da shi yana aunawa har nauyin ya daina raguwa: giram 338. Ruwan da ya fita giram 74 ne. Idan aka raba 74 da 338, laimar katakon ta kama kashi 22 cikin ɗari.

Wannan adadi ya yi yawa ga tebur a Kano. Katako yana shan laima yana fitarwa har sai ya yi daidai da iskar da yake ciki. A tsakiyar hunturu, lokacin da laimar iska ke faɗowa ƙasa da kashi 20, katakon da ya gama bushewa yakan sauka kusan kashi 5, a watan Agusta kuma ya hau sama da 12. Kuma da zarar laimarsa ta yi ƙasa da kimanin kashi 30, duk ruwan da ya ƙara fita sai katakon ya tsuke. Askar Disamba ta cire busasshen ɓawon fuska ɗaya ta buɗe ɗanyen ciki ga iskar hunturu, ɗaya fuskar kuma tana manne da siminti. Sama ya tsuke, ƙasa bai tsuke ba, dole ya lanƙwashe.

Ya je ya sami Alhaji a kasuwa da guntun katakon a hannu. Ya ce masa: "Ranka ya daɗe, zan iya kawo maka tebur mako mai zuwa, amma kafin azumi zai kunyata ni, kai ma ya kunyata ka a gaban baƙinka." Alhaji bai ji daɗi ba, ya ce an riga an yi fentin ofis. A ƙarshe suka daidaita kan cewa kafintan zai ba shi aron teburin filawud ya fara zama da shi, a ɗaga alkawari zuwa Babbar Sallah.

## Janairu zuwa Afrilu: jira

Aka kwantar da falankan biyu a lungun shago inda rana ba ta kaiwa, a kan bulo, da ƙananan sanduna masu kauri ɗaya a ƙarƙashi da tsakaninsu kowane santimita 50, don iska ta bi ta kowace fuska. Aka shafe bakin kowane ƙarshe da narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Aka ɗora buhunan yashi a sama, aka rataya buhu a gefen da iska ke bugowa don kada bushewar ta yi gaggawa.

Don a san halin da ake ciki ba tare da ɗaga falanki ba, aka ajiye wani guntu daga abin da aka datse a cikin jerin, shi ma an toshe bakinsa da kyandir. Ranar 7 ga Janairu nauyinsa kilo 6.10 ne. Da laima kashi 22, wannan na nufin tsurar katakon kilo 5 ne, saboda haka ranar da ya sauka kilo 5.50 ya kai kashi 10. Duk Asabar ƙaramin yaron yake kai shi kan sikeli. Ƙarshen Fabrairu ya nuna 5.75. Ƙarshen Maris, a tsakiyar azumi, 5.58. Bayan Ƙaramar Sallah ya nuna 5.49, sannan 5.47 mako biyu a jere. Kafintan ya ƙara mako uku a kai, don guntu ya fi babban falanki saurin bushewa ko da an toshe shi.

## Fabrairu da Maris: layin ƙarfe

A cikin wannan jira aka sake gina abin askar. An yi shi sau biyu.

Na farko, ya sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa ya kai wa wani mai walda, aka haɗa firam guda aka bi duk mahaɗa da walda daga farko har ƙarshe don ya yi ƙarfi. Zafin walda yana jan ƙarfe idan yana hucewa. Da aka kawo firam ɗin, layi ɗaya ya yi baka na milimita 4, kuma ba yadda za a gyara shi tunda komai a like yake. Aka yanka shi aka yi ƙafafun benci da shi.

Na biyu babu walda a jikin layukan ko kaɗan. Fayif ne mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 100, tsawon mita 3, guda biyu, an zaɓe su a kasuwa ta hanyar ja musu zare daga kai zuwa ƙarshe. An tsayar da su a kan siririn gefensu, ba a kwance ba. Dalilin yana da muhimmanci ga duk mai son yin irin wannan: juriyar ƙarfe ko katako ga lotsawa tana bin tsayinsa daga ƙasa zuwa sama ne sau uku a ninke, idan ka ninka tsayin sau biyu, ƙarfin ya ninku sau takwas. Kowane layi yana zaune a kan ƙafafu biyar, kowace ƙafa doguwar kusa ce mai zare da noti biyu, ana ɗaga ta ko a sauke ta da sifana. Layukan suna tsaye a kan siminti da kansu, ba abin da ya haɗa su da inda falankin zai kwanta.

Saita layukan ya ci yini guda. An fara da tiyon ruwa irin na magina don kusurwoyi huɗu su zo tsayi ɗaya. Sannan aka ja zare biyu a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, kamar alamar sau. Zaren da ke sama aka sa masa guntun irin zaren a ƙarƙashinsa a kai da ƙarshe, don a rama kaurin na ƙasa. Idan layukan a shimfiɗe ɗaya suke, zaren biyu za su shafi juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Na ga kafintan kwance ruf da ciki a ƙasa, kumatunsa a siminti, yana cewa yaro: "Ƙara kwata. Tsaya. Mayar da rabin abin da ka ƙara." Da suka haɗu, ya ɗan taɓa na ƙasa da farce, na sama ya motsa kaɗan. Aka ɗaure notin. Ƙafafun tsakiya kuma aka saita su da zaren da aka ja a tsawon kowane layi.

Gadar an yi ta da ƙarfen angul biyu, milimita 50 da 50, kauri 5, tsawon mita 1.3, suna kallon juna, an haɗa su da noti a ƙarshe. Rautar tana kan farantin filawud da ke zamewa a tsakaninsu, an goga masa kyandir. A ƙarshen gadar an sa boris lamba 6201 don ta riƙa gangarawa a kan layi. Da aka ɗora rauta a tsakiya aka danna da hannu, ba ta lotsa abin da rula za ta nuna ba.

Rautar ma an canza ta. Ya fara aro wata babba mai ɗaukar baki na rabin inci, wadda gudunta ɗaya ne, zagaye 22,000 a minti, ya sa mata bakin aska mai faɗin milimita 50. A gwaji kan guntun katako ta yi ta girgiza tana ƙona wuri. A wannan gudun, gefen baki mai wannan faɗi yana tafiyar sama da kilomita 200 a awa, ya wuce abin da aka yi shi dominsa. Ya mayar, ya sayi ta hannu mai wat 2,100 wadda ake rage wa gudu, ya tsayar da ita a 16,000. Maimakon a zaro bakin don ya kai, falankin aka ɗaga da katakai, ƙotar bakin ta shige mariƙinta kusan duka, an bar ɗan sarari kaɗan a can ƙasa don notin ya kama sosai.

Gwajin ya nuna abu biyu kuma. Kowane zuwa yana barin 'yar matakala ta kusan rabin milimita, alamar rautar ta ɗan karkata. Aka yanka gwangwanin lemo, wanda kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, aka riƙa cusawa a ƙarƙashin gefe ɗaya har matakalar ta ɓace. Sai garin katako da ke taruwa a kan layi yana ɗaga boris. Aka ɗaure guntun burushin fenti a gaban kowane boris yana share masa hanya.

## Mayu: askar

Da aka sauke jerin aka sake awo. Falanki na farko: kauri milimita 66, kwarmi 11, murɗewa 8. Na biyu, wanda ba a taɓa ba: kauri 78, kwarmi 6, murɗewa 18. Lissafi ya nuna na farko ba zai kai inci 2 ba idan an gama. Aka koma kan na biyu.

Wannan karon ba a danne shi ba. An ɗora shi ya zauna yadda yake so, yana rawa a kan kusurwa biyu. Maimakon a bar kusurwa ɗaya ta ɗauki milimita 18 duka, aka raba: weji na milimita 9 a ƙarƙashin kowace daga kusurwa biyun da ke lilo. Wannan kaɗai ya ceci milimita 9 na kauri. Aka cika sauran wuraren da weji, aka kafe katakai a gefe suna tare shi kada ya zame, ba mai danna shi ƙasa. Aka zazzana saman da alli ko'ina, don duk inda alli ya rage a san baki bai kai ba.

An fara daga wuri mafi tudu. Kowane hawa milimita 2 ake saukewa, kowane zuwa a matsar da gada santimita 3, wato kusan zuwa 80 kafin a gama tsawon falankin. Hawa na farko-farko kusurwoyi kawai suke taɓawa, minti goma sun isa. Na ƙarshe-ƙarshe suna cin minti arba'in. Yaro ɗaya yana riƙe da gada, oga yana tura rauta, ɗaya yana kwashe gari. Idan an yi saurin turawa sautin injin yana nauyi, idan an yi jinkiri katakon yana baƙi, da kunne ake gane tsakiyar.

A rana ta biyu aka ɗauke wuta rauta tana tsakiyar falanki. Yaron da ya karɓi tuƙi ya sake ta ya fita shan ruwa, makunninta a kulle a kunne. Bayan 'yan mintuna wuta ta dawo. Injin ya tashi bakinsa a cikin katako, ya yi tsalle ya bugi angul, ya bar rami mai zurfin milimita 4. Allah ya kiyaye ba hannun kowa a wurin, kuma ramin ya faɗo a tudun da za a aske. Daga ranar doka ta zama idan wuta ta ɗauke, a kashe makunni a zare filogi kafin a ɗaga ƙafa. Ragowar aikin da janareta aka yi, duk da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023.

Maganar gari ba ƙarama ba ce. Buhu shida aka kwashe daga falankin nan ɗaya, kuma mai laushin yana tsayawa a iska har bayan an tashi. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam, musamman a cikin hanci. A Disamba da ƙyalle yaran suke rufe fuska, ɗayansu ya yi mako yana tari. A Mayu kowa da takunkumi mai matata, da tabarau, da abin toshe kunne, kuma an fito da aikin bakin ƙofa.

Da fuskar farko ta kusa gamuwa, aka tsaya saura milimita ɗaya da rabi. Aka juya falankin, aka aske bayan har shi ma ya rage haka. Sannan aka mayar da shi kan sanduna ya huta mako guda. Ya motsa da milimita 1. Aka dawo aka yi askar ƙarshe a kowace fuska, sama-sama. Kwanakin aska duka huɗu ne. Kaurin ƙarshe milimita 58, rula ba ta nuna haske a ko'ina, sandunan hange sun haɗu. Bakin rauta bai yagi jijiyar madacin yadda filen hannu ya yi ba. 'Yan layukan da ya bari samfefa ta ɗauke su, daga lamba 80 zuwa 120 zuwa 180.

## Yuni zuwa Agusta: bayan an kai

An shafa folish sau uku a sama, sau uku a ƙasa, har da gefuna, don fuskokin biyu su riƙa shan laima daidai. A firam ɗin ƙafafun ƙarfe, ramukan sukuru na tsakiya ne kawai zagayayyu. Na gefe an tsawaita su santimita 2 a faɗin teburin, aka sa washa, ba a ɗaure su tamau ba. An kai teburin kwana huɗu kafin Babbar Sallah.

A ƙarshen Agusta, ruwa na tsakiyarsa, muka koma ofishin da rula da tef. Faɗin teburin ya ƙaru da milimita 6. Sukurorin gefe sun matsa a cikin ramukansu, ana ganin sawun washa a fentin ƙarfen. Kwarmi bai kai milimita 1 ba, ba tsagewa.

Falanki na farko ma an aske shi a kan layukan nan. Ya ƙare a milimita 48, aka yi teburin tsakar ɗaki da shi aka sayar wa wani.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina rautar ce mafi ƙarancin laifi a duk abin da ya faru, ita ce kuma mafi ƙarancin yabo. Ko ƙaramar ta Disamba da za ta gama aikin, a hankali, da an ɗora ta kan layi na gaskiya. Abin da ke fitowa a fuskar katako kwafin layukan ne da gadar. Shi ya sa yinin da aka kashe ana juya noti da kallon zare ya fi kwana shidan Disamba amfani, kuma shi ya sa raba layukan da teburin da falankin ke kai ya zama gyara mafi girma. Walda ta gaza ne don ba ta barin a gyara kuskure. Noti yana bari, kuma har yanzu kafintan yana sake jan zaren duk ranar da zai fara sabon falanki, domin simintin shagon ba ya zama yadda aka bar shi.

Babbar asarar kuwa ba daga injin ta fito ba. Milimita 12 da aka cire daga fuska ɗaya ta ɗanyen katako su suka ci falanki na farko: sun rage masa kauri ba tare da sun cire murɗewa ba, suka ƙara masa kwarmi, suka datse masa santimita 30 na tsawo. Da a Oktoba aka yi awon giram 412 da 338, wanda bai ci komai ba sai gas na yini ɗaya, da tun ranar an gaya wa Alhaji Yuni maimakon Disamba, kuma da falanki biyu masu kaurin inci 2 za a samu. Ina ganin laifin kafintan a nan, shi ma bai musa ba. Hannun da ya saba da falankin inci 1, wanda ke bushewa da wuri a iskar Kano, shi ya yaudare shi a kan na inci 3.

Akwai inda wannan hanya ba ta biya. Ga katakon da zai shiga filena, ɓata lokaci ce da wuta, kuma garin da take fitarwa ya fi na filena laushi da illa. Wurinta shi ne falankin da ya fi bakin injin faɗi, da gindin itace da aka yanka a gicciye, da katako mai sarƙaƙƙiyar jijiya irin madaci da wuƙa ke yagewa. A yanzu layukan suna jingine a bangon shagon, an shafe su da baƙin mai saboda tsatsa, kuma a lungun da rana ba ta kaiwa akwai falanki uku na itacen kawo a kan sanduna, da guntun gwaji a samansu an rubuta masa nauyinsa da ranar da aka auna.